Ranar da Apa Ta Zuba wa Tanka Madara

Wata uku da kawo ni gidan nan maciji ya shigo mana ɗakin girki. Na same shi a naɗe bayan buhun fulawa, na kwarma ihu, na wawuri shebur ɗin kwashe toka. Kafin in ɗaga, uwar mijina ta riƙe min hannu.

"Ajiye, Kelin. A gidan ubanki haka ake sallamar baƙo?"

Ta ɗebo madarar raƙumi a ludayi, ta tsiyaya masa a ka, sannan ta ja farin layi daga nan har bakin ƙofa. Macijin ya warware, ya sulale ya fita abinsa. Ni ma na san al'adar, duk ɗan yankinmu na Mangistau ya san ta, tsoro ne ya mantar da ni. Madara, wadda a wurinmu muke kira fari, ba a zubar da ita, ba a taka ta, kuma in an miƙa maka kwano ba ka mayarwa sai ka kurɓa. Wuri ɗaya aka yarda ta taɓa ƙasa, wato idan mugun abu ya shigo gida ana son ya fita ba tare da an zubar da jini ba.

Shekara shida ke nan da wannan. Sunan uwar mijina ba ya fita daga bakina, don suruka ba ta kiran sunan manyan gidan miji, Apa nake ce mata, ita kuma Kelin take ce min, wato matar ɗa. Amma tunda rubutu ne ga shi: Ulmeken. Ulmeken mai shubat, haka aka san ta har birni. Taguwoyi goma sha ɗaya gare ta, da hannunta take tatsarsu safe da yamma, ta kwantar da madarar ta yi tsami, ta kaɗa. Masu tari da masu ciwon ciki daga nesa suke aiko da jarkoki. Mace ce gajera mai kaifin baki, kuma ban taɓa ganin wanda ya shiga gidanta ya fita leɓensa a bushe ba. In ka ce ka ƙoshi sai ta ce cikinka ne ya ƙoshi, bakinka bai ce komai ba tukuna.

Hanyar da ke zuwa rijiyoyin man fetur ta ratsa tsakiyar ƙauyenmu, Bozkuduk, kuma ba a taɓa zuba mata kwalta ba. Manyan motoci tun asuba har faɗuwar rana. In na shanya wanki fari, ja nake kwashewa. Cukun da muke busarwa a saman rufi sai ka tauna yashi. Mun yi ƙorafi har mun gaji wajen akim, shugaban ƙauye, wanda ƙanen mahaifin mijina ne. Shi ma ba na kiran sunansa, Mai Jaka na sa masa, don ko jana'iza za shi da jakar takardu a hammata.

Bara da zafi ya fara, Mai Jaka ya tara mutane yana washe baki. Ya ce kamfani ya ji kukanmu. Akwai ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa tare da mai, suna da shi har ba su san inda za su kai shi ba, ruwa ne mai gishiri, in aka yayyafa a hanya ƙura sai ta kwanta ta daskare. Kyauta za a riƙa zuba mana kullum da tanka. Kuma direban tankar ɗan ƙauyen nan za a ɗauka. Wanda aka ɗauka mijina ne, Orazgali, wanda ya shekara biyu yana zaune yana kwance babur ɗin da bai lalace ba yana ɗaurawa.

Ba zan yi ƙarya ba, duk ƙauyen babu wanda ya kai ni murna. Wankina ya koma fari. Mijina ya daina yawo a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Har injin wanki muka saya, na sa shi inda duk mai shigowa zai gani.

Raƙumanmu ba a kiwonsu, sakinsu ake yi da safe su nausa daji, da yamma su dawo da kansu. Tun makon farko muka ga sun daina wucewa garke kai tsaye. Sai su tsaya a kan hanya su dunƙufar da kai suna lasa, har sai an kora su da sanda. Tsofaffi suka zauna a inuwar shago suna dariya, wai ga kamfani ya haɗa mana da gishirin lasa. Raƙumi dai kowa ya sani, ruwan rijiyar da doki zai sha ya kwanta shi yake sha ya yi ƙiba. Wa zai kawo wani abu a ransa? Mutane suka daina sayen kantun gishiri. Wasu suka fara tare Orazgali suna roƙo ya ɗan buɗe famfo a bayan garkensu. Apa ma, wadda mai saye bai taɓa yi mata wayo ba, ita ta sa aka haƙa ɗan rami a bayan namu garken, ta ce ɗanta ya riƙa cika mata. Ni na riƙe masa tiyo ranar farko.

Da ƙanƙara ta narke bana, lokacin haihuwa ya zo. Taguwoyi biyar ke da ciki. Uku suka haifi gawa. Ɗaya ta haifi ɗa ba gashi, idanunsa fari fat, ya kwana biyu ya bi su. Taguwa ba ta sakin madara in ba ta shinshini ɗanta ba, don haka Apa ta feɗe 'ya'yan, ta cusa wa fatun ciyawa, ta ɗinke, ta kafa musu ƙafafun itace. Huɗu suka jeru a jikin shinge. In za ta yi tatsa sai in ɗauko ɗaya in riƙe a gaban uwar, tana shinshina tana wani irin gurnani, hawaye na bin fuskarta. Na tsani aikin nan kamar me, musamman da yake ni ma a lokacin cikina ya shiga wata huɗu, bayan shekara shida ana jira.

Ba mu kaɗai ba ne. Tajigul maƙwabciyarmu ta rasa huɗu. Leɓunan raƙuma suka yi gyambo. Aka ce sanyin bana ne, aka ce kambun baka ne, aka yi sadaka. Likitan dabbobi ya zo ya ɗebi jini da madara a kwalabe, ya ce sai an kai babban birni, kuma daga ranar ba mu sake jin duriyar kwalaben ba. Ƙasa na bushewa tanka ta ci gaba da zuwa.

Hancin mai ciki ne ya fara kamawa. Kullum da safe Apa na cika min kwano da shubat, wai don jikanta ya zo da ƙashi mai ƙwari. Wata safiya na kai baki, na ji warin kananzir can ƙasa-ƙasa. Na fita da gudu na amayar.

"Iyayi," in ji Apa. "Ni na haifi bakwai a kan wannan kwanon."

"Apa, ku shinshina."

"Shekara hamsin ina shinshinawa."

Na juya kan mijina, wanda ke zaune yana ƙoƙarin riƙe kofin shayi da yatsun da suka tsattsage. Wata biyu ke nan hannuwansa na saɓa, haɓo na zubo masa ba dalili, takalman aikinsa kuwa na uku ke nan tafinsu na ɓarewa.

"Kai kake ɗebo shi," na ce. "Faɗa mana yadda wurin yake."

"Wuri ne kamar kowane wuri."

"Masu cika maka tankar, da hannu haka suke taɓawa?"

Ya kai kofin baki.

"Da kai nake, Orazgali. Da hannu?"

"Suna sa safar roba," ya ce. "Har gwiwar hannu. Da abin rufe hanci."

"Kai fa?"

"Ni direba ne, ba a ba direba."

Na ci gaba da tatsarsa kamar yadda uwarsa ke tatsar taguwar da ta ƙi. Ya ce akwai tsofaffin bututai a jibge bayan wurin, cikinsu ya yi farin ɓawo. Ya taɓa roƙon a ba shi biyu ya gyara shingen garke, aka ce ko kusa. Wani ma'aikaci ya kawo wata 'yar na'ura ta auna guba ya kara a jikinsu, ta hau ƙara ba tsayawa. Mutumin ya ce ɓawon daga ruwan yake taruwa, kuma abin da ke cikinsa ba ya wari, ba a ganinsa, a ƙashi yake zama.

"Tun yaushe ka ji wannan?" Muryar Apa ce, a hankali.

"Tun kafin sanyi."

Ta miƙo hannu ta ɗauke kwanon daga gabana. Ta shinshina, ta daɗe, ta mayar da shi can ƙarshen shimfiɗa inda hannuna ba ya kaiwa. A ranar ta ɗauki shebur da kanta ta cike ramin bayan garke, ta ƙi yarda kowa ya taya ta. Da masu jarkoki suka zo ta ce babu. Suka ce ga shi a tulu suna gani, ta ce wannan ba na mutane ba ne.

Da yamma suka kwasa da ɗanta.

"Ka ajiye musu motarsu."

"In ajiye, gobe su ɗauki wani. Me ya canza, Apa? Ga haihuwa tafe. Kuma suna da takarda, na gani da idona, an buga hatimi an ce ruwan ya dace da zubawa a hanya."

"Takardar ta ce ya dace da lasa?"

"Ai ba su ce a lasa ba."

"To je ka karanta wa raƙuma."

Ni ina wanke kwanoni ina jin haushinsu su biyun. Haushinsa don ya sani ya yi shiru wata shida yana kallona ina kwankwaɗa. Haushinta don ta faɗi abin da ba na son ji. Ina son aikin nan, wallahi ina sonsa. Na san yadda gida ke zama in namiji ba ya fita da safe, kuma ba na son ɗana ya buɗe ido a irin wannan gidan. Amma duk lokacin da na wuce ta jikin shinge na ga fatun nan huɗu a tsaye, sai in dafe cikina.

Bayan kwana uku Mai Jaka ya aiko cewa injiniyan kamfani zai zo sa hannu kan aikin bana, kuma a gidanmu za a yi masa abinci, don baƙo ba ya zuwa Bozkuduk ya koma bai sha shubat ɗin Ulmeken ba. Na zaci Apa za ta ƙi. Sai ta ce a yanka rago.

Injiniyan saurayi ne mai ladabi, Erkebulan, ɗan ƙasar nan, ya gaida tsofaffi da hannu biyu ya zauna inda aka nuna masa. Dattawa kusan goma suka kewaye shimfiɗa. Ni ina bakin ƙofa wajen tukunyar shayi, inda suruka ke zama, kaina a ƙasa kunnena a sama. Aka ci nama. Mai Jaka ya buɗe jaka, ya ce akwai albishir: ban da hanya, bana kamfani zai haƙa babban tafki a bayan gari ya riƙa cika shi da ruwan bayan an tace, dabbobi su huta da tafiya rijiya mai nisa. Dattawa suka gyaɗa kai.

Sai Apa ta tashi, ta ɗauko kwanon katakon da ba a fito da shi sai don babban baƙo, ta cika shi fal, ta miƙa wa injiniya da hannu biyu.

"Sha, ɗana. Na yau ne."

Ya karɓa. Ya ɗaga zuwa baki.

"Na taguwoyin da ke lasar hanyarku ne," ta ce. "Ba su da wani gishiri sai naku tun bara. Ka ji yadda ya fito."

Kwanon ya tsaya a iska.

"Suna lasa?" ya ce.

"Kullum. Har ramin sha na haƙa musu."

Ya sauke kwanon a hankali ya ajiye a gabansa.

"Apa, ku gafarce ni, ina da gyambon ciki. Likita ya hana ni abu mai tsami."

"Gyambon ciki?" Ta juya ga dattawa. "Kun ji? Allah ya kawo shi gidan magani. Masu gyambon ciki daga birninku suke aiko min da jarka. Sha, ɗana, kurɓi ɗaya."

Wani tsoho ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

"Matar yaya, kada ki takura wa baƙo," in ji Mai Jaka.

"Yi min shiru, Auta. Ni na wanke maka wando kana ɗan shekara biyar. Baƙo nake wa magana." Ta koma kan saurayin. "Kai ba uwa ce ta haife ka ba? Ba ta gaya maka ba a mayar da fari ba?"

"Ta gaya min."

"To?"

Ya ɗauki gutsuren burodi ya sa a baki, wai ya cika al'ada da shi. Kunnuwansa sun yi ja. Ya ce ruwan an auna shi, ya cika ƙa'idar aikin hanya, ba a taɓa cewa na ci ko sha ba ne. Ya ce na tafkin kuwa za a tace.

"In an tace za ka sha?"

Kwanon ya zauna a gabansa cike har aka shafa fatiha. Amma kada ku zaci wani abu ya fasa. Mai Jaka ya zaro biro, aka sa hannu a kan gwiwa, dattawan da suka ga komai da idonsu suka tashi suna kakkaɓe riga, kowa na kallon takalminsa. A waje na ji ɗaya na cewa kamfani ba abokin faɗan talaka ba ne. Na so in bi shi da ruwan wanke-wanke.

Washegari Apa ta tashe ni tatsa kamar kullum. Na riƙe fatun, ta tatsa. Bokiti biyu suka cika. Maimakon ta juye a tulu sai ta ɗaura farin kallabinta na zuwa biki, ta ɗauki ludayi da bokiti ɗaya.

"Ɗauko ɗayan, Kelin. In ya yi miki nauyi ki huta a hanya, ba sauri muke ba."

"Ina za mu, Apa?"

"Baƙo za mu sallama."

Tanka na shigowa ƙarfe tara, ta inda hanya ta matse tsakanin katangar makaranta da shingen Tajigul. Nan Apa ta tsaya a tsakiyar hanya. Tsohuwa da kallabin biki da bokitin madara ba ta buƙatar shela, kafin mu ji ƙarar mota mata sun fito ƙofa, masu zaman shago sun taso. Tanka ta ɓullo tana yayyafi ta baya, ƙasa na yin baƙi a bayanta. Motar injiniya na biye, Mai Jaka a gaba, za su je duba wurin tafki.

Orazgali ya yi hon. Ya sake yi. Ya taka birki, hancin motar ya tsaya taku uku daga uwarsa. Ya leƙo ta taga.

"Apa, don Allah ku matsa."

Ba ta ko dube shi ba. Ta matsa gaba, ta cika ludayi, ta yi ɗage, ta tsiyaya madara a hancin tankar. Madarar ta gangaro fara a kan ƙarfen tana ɗiga ƙasa. Ta ƙara na biyu. Ta ƙara na uku.

Wata mata a bayana ta ja numfashi. Babu wanda ya nemi a yi masa bayani. Yaran goye ne kawai a wurin ba su san abin da ake zuba wa madara a ka ba.

Mai Jaka ya fito da gudu, jaka a hammata.

"Matar yaya! Kin haukace? Fari kike zubarwa a ƙasa? Motar ɗanki kike kira maciji a gaban jama'a?"

"Ɗana yana ciki, ban ce shi ba. Abin da ya ɗauko nake wa magana. Ya shigo gidana, ya ci min huɗu, yanzu yana neman na biyar." Ta nuna cikina da ludayi. "Ban zo da shebur ba, Auta. Yadda aka koya mana na zo."

Ta sunkuya ta fara jan layi daga jikin katangar makaranta, tana tsiyayawa kai tsaye daga bokiti, tana ja da baya. Ta zo daidai tsakiyar hanya bokitin ya ƙare. Rabin hanya fari, rabi a buɗe, kuma rabin da ke buɗe ya ishi tanka ta raɓa ta wuce.

Injiniya ya leƙo daga motarsa. "Direba, bi ta gefen can, akwai wuri."

Apa ta miƙe tana haki. Ko kallona ba ta yi ba. Mijina ne ya kalle ni ta gilashi, ya kalli bokitin da ke hannuna, ya ɗan girgiza kai. Na san abin da yake cewa. Yana cewa albashi, yana cewa kayan jariri, yana cewa shekara biyun nan da muka yi. Duk na ji. Kuma a gaban ƙanen ubansa, suruka ko tari ba ta yi da ƙarfi.

Na ɗauki bokitin na je inda layinta ya tsaya. Madarar na fallatsar min a ƙafa, na ja shi har jikin shingen Tajigul, na kife bokitin a ƙasa.

"Ka ji min suruka!" in ji Mai Jaka.

"Ta gidana ce," in ji Apa.

Injin tankar na ta ruri. Injiniya ya fito, ya ce wa Orazgali a hankali cewa shi ma ba da son ransa ba, amma in mota ba ta gama zagaye ba dole ya rubuta. Ya ce madara ce kawai, rana za ta busar da ita. Tajigul ta ce masa to ya fara takawa da ƙafarsa a gani. Ya dubi layin, ya dubi takalmansa, ya tsaya inda yake.

Orazgali ya kashe injin. Ya sauko, ya zagaya baya ya murɗe famfon yayyafi da tsattsagaggun hannuwansa. Ya dawo gaban layin ya tsuguna. In fari ya zube a gabanka, sai ka dangwala yatsa ka kai baki, neman gafara ke nan, tun muna yara haka ake yi. Ya dangwala. Ya ɗaga yatsan zuwa leɓe.

Apa ta make hannun da ludayi, har sai da na ji ƙarar a ƙashina.

"Kada ka sha!"

Ya ɗago ya dube ta. Matar da ta shekara hamsin tana bin mutane da kwano har bakin mota.

"Kada ka sha, ɗana. Ba ta shawuwa. Ni da kaina na sa aka haƙa ramin."

Ya goge yatsan a wando. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya hau mota ya tayar, ya sa ribas. Babu wurin juyawa sai an wuce gidan ƙarshe, don haka da baya ya tafi, motar injiniya ma dole ta ja da baya a gabansa. Tajigul ta ruga gida ta fito da tatsarta ta safe, ta miƙa wa Apa. Apa ta bi tankar a ƙafa, tana tafe tana tsiyaya mata a hanci, mata na fitowa da bokitai suna ƙara mata, har muka raka ta bayan gari.

Kafin azahar aka karɓe makullin daga hannun Orazgali. A ƙafa ya dawo gida. Na dafa shayi, na miƙa hannu wajen tulun madara don sabo, na tuna, na janye. Apa ta zuba mana shi baƙi, abin da ko a shekarar yunwa ta ce ba a taɓa sha a gidanta ba. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Ba daɗi," ta ce. "Sha, Kelin."

Bayan kwana biyu suka turo wani direba daga birni. Ya zo ya tarar da layi sabo, da mata tara a tsaye da bokitai. Ya sauko ya tambayi abin da ke faruwa, aka gaya masa, ya cire hula ya sosa kai, ya koma da baya. Shi ma uwa ce ta haife shi. Na uku ko saukowa bai yi ba, yana hango layin ya sa ribas.

Yau kwana ashirin da shida. Ƙura ta dawo, wankina ya koma ja, mijina ya sake kwance babur. Tafkin ba a fara haƙawa ba, ba a kuma ce an fasa ba. Ban san abin da wata huɗun da na yi ina sha suka yi wa ɗan da ke cikina ba, likitar birni ta ce yana motsi lafiya, sauran sai ya zo. Tsoro nake ji kullum, kuma haushina bai huce ba.

Jiya Mai Jaka ya zo har garke, ya tsaya nesa da fatun nan huɗu, ya ce kamfani na da haƙuri, suna jira ne mu gaji. Ya ce har yaushe za mu iya.

Apa na ƙarƙashin taguwa, goshinta a jikin cinyarta, madara na sauka a bokiti. Ba ta ɗago ba.

"Auta, sau biyu ake tatsa a rana, kuma babu mai shan ko ɗigo. Ka gaya musu su ne suka ba mu ita." Ta miƙo min bokitin da ya cika. "Kawo wancan, Kelin. Saura uku."